Zane Kafin Kabari: Daga Roma Zuwa Gadarif

Duk wanda ya taɓa raka gawa a unguwannin Hausawa na Gadarif, ko a Kano, ko a Maraɗi, ya san wannan al'ada. Da an tabbatar rai ya yi halinsa, tun kafin a gama ɗinka likkafani, wani dattijo zai sa a samo masa miƙaƙƙen karan dawa. Zai shiga ɗakin da mamacin yake kwance, ya gwada tsawonsa daga kai zuwa tafin ƙafa, ya karye abin da ya yi saura, ya miƙa wa matasa su yi gaba da shi zuwa maƙabarta. Can za su kwantar da karan a ƙasa, a daidaita alƙibla, wadda a Gadarif ta fi karkata arewa fiye da gabas ɗin da kakanni suka saba da shi a ƙasar Hausa, sannan wani ya ja layi da bakin diga. Wannan layin shi ne dukan zanen da kabarin Bahaushe yake samu, kuma sara uku ko huɗu na diga sun isa su shafe shi.

Akwai al'ummomin da ba haka suke yi ba. A wurinsu zanen makwancin babban mutum yakan riga ginin da shekaru, a yi ta gardama a kansa, a biya kuɗi a kansa, daga baya a adana shi a gidan tarihi ko da ba a taɓa aza tubali ɗaya ba. Labarin irin waɗannan zane-zane nake son mu bi, tun daga Italiya da Faransa. Mai karatu zai ga cewa labarin bai yi nisa ba zai shigo Sudan, kuma a ƙarshe zai tsaya a bakin ƙofarmu da wata tambaya da ya kamata mu amsa.

Zamanin da Turai ta waiwayi Girka da Rum

A ƙarni na 18 aka fara tono wasu garuruwa biyu na Rumawan dā da dutse mai aman wuta ya binne a kudancin Italiya: Herculaneum a 1738, Pompeii a 1748. Abin da aka gani a ƙarƙashin tokar, tare da rubuce-rubucen wani Bajamushe mai suna Johann Winckelmann, musamman littafinsa na tarihin fasahar mutanen dā da ya fito a 1764, ya sa masu zane da magina na Turai suka gundura da salon da suka gada mai yawan ƙawa da lanƙwashe-lanƙwashe. Suka ce a koma ga miƙaƙƙen layi da ginshiƙi da farin dutse, kamar yadda Girkawa da Rumawa suka yi. Wannan salon shi ake kira neyokilasik, wato sabunta tsarin magabata.

Cikin manyan ayyukan masu wannan salo akwai hubbaren fafaromomi da sarakuna da attajirai. To, dutsen marmar yana da tsada, kuma ba kamar laka yake ba. In ka sare shi ba ya komawa. Saboda haka babu mai ɗora guduma a kansa sai an gama yarjejeniya a kan takarda. Zanen share fage shi ne wurin da mai kuɗi da mai hannu suke ja-in-ja: wannan mutum-mutumin ya tsaya ko ya durƙusa, ƙofar nan ta kasance a buɗe ko a rufe, nawa za a kashe. Shi ya sa masana tarihi suke ɗaukar waɗannan takardu da daraja, domin ginin da aka gama yana nuna abin da aka amince da shi ne kawai, amma takardun suna riƙe da abin da aka ƙi ma.

Gwanin gwanayen wannan fage shi ne Antonio Canova, wanda aka haifa a 1757 a wani ƙauye mai suna Possagno a arewacin Italiya. Shi ya yi hubbaren Fafaroma Clement na 14 da na Clement na 13 a Roma. Yadda yake aiki mataki-mataki ne. Zai fara da zane da fensir, sannan ya murza ɗan ƙaramin samfuri na yumɓu wanda bai wuce a ɗauka a hannu ba. In an yarda da shi, sai ya gina babba daidai girman da ake so, a zuba masa filasta a fitar da kwafi, a kafa wa kwafin ƙananan ƙusoshi a jiki ko'ina. Daga waɗannan ƙusoshi yaransa suke ɗaukar awo suna sassaƙa dutsen, shi kuwa ya zo daga ƙarshe ya gyara ya goge. Har yau waɗannan kwafe-kwafe masu ɗigo-ɗigon ƙusa suna nan a gidan tarihinsa na Possagno.

Zane ɗaya, mamata uku

A wajajen 1790 aka nemi Canova ya tsara abin tunawa da Titian, shahararren mai zanen birnin Benis, a cikin majami'ar Frari. Canova ya kawo wani tsari da ba a saba gani ba: fuskar dala jingine da bango, da baƙar ƙofa a buɗe a tsakiyarta, ga mutane suna tafe za su shiga. Ya yi zane, ya yi samfuri, amma kuɗi ba su taru ba. Mutumin da yake jagorantar aikin ya rasu a 1795, sannan a 1797 Napoleon ya kawo ƙarshen jamhuriyar Benis. Tsarin ya koma cikin ajiya.

A 1798 gimbiya Maria Christina ta Ostiriya ta rasu, mijinta Albert ya nemi Canova ya yi mata abin tunawa. Sai Canova ya janyo tsohon tsarin nan ya gyara shi. A 1805 aka kafa shi a majami'ar Augustin da ke Biyenna: dala ta farin dutse, wata mace riƙe da tulun toka tana gaba, a baya wata budurwa tana jan wani tsoho makaho, duk sun nufi baƙar ƙofa, ga zaki kwance a gefe. Abin lura shi ne gimbiyar ba ta ciki. Gawarta tana can a maƙabartar gidan sarautar a wata majami'ar dabam.

Da Canova ya rasu a watan Oktoba na 1822, almajiransa suka sake ɗauko tsarin Titian, suka gina wa malaminsu shi a cikin majami'ar Frari ɗin da aka so tun farko, aka gama a 1827. Nan ma zuciyarsa kaɗai aka ajiye, gangar jikinsa tana Possagno. Ka ga zane ɗaya ya yi wa mamata uku hidima, kuma babu ko ɗayansu da yake kwance a ƙarƙashinsa yadda muka san kwanciyar kabari.

Wani Bafaranshe, Étienne-Louis Boullée, ya wuce nan. A 1784 ya zana abin tunawa da masanin kimiyya Isaac Newton: wata ƙatuwar ƙwallo ta dutse mai faɗin kusan mita 150, an huhhuda samanta yadda in rana ta fito, wanda yake ciki zai ga haske yana ɗigowa kamar taurari a cikin dare. Newton ya riga ya yi shekara 57 a kabarinsa na Landan, kuma babu maginin da zai iya ɗaga irin wannan gini a lokacin. Boullée ya rasu a 1799 ba a gina ba, ba a kuma gina ba har gobe. Amma takardun suna ɗakin karatu na ƙasa a Paris, kuma ɗaliban tsara gine-gine a duniya suna nazarinsu.

Daga ina dalar ta fito?

Canova ya yi yawancin rayuwarsa a Roma, kuma a Roma akwai wata dala da duk mazaunin birnin ya sani. Kabarin wani babban ma'aikacin gwamnati ne mai suna Gaius Cestius, an gina ta kafin shekara ta 12 gabanin haihuwar Annabi Isa, tsayinta ya kai mita 36. Wanda ya san dalolin Masar na Giza zai lura cewa ta Cestius ta fi su tsini da tsayuwa. Wasu masana suna ganin ba Masar ta kwaikwaya ba, dalolin ƙasar Kush ta kwaikwaya, domin 'yan shekaru kafin a gina ta rundunar Rum ƙarƙashin Petronius ta kutsa kudu har Napata tana yaƙi da sarauniyar Kush. In wannan ra'ayi ya tabbata, to siffar da ta burge masu zanen Turai tana da jijiya a Sudan.

A Meroe, wurin da mutanen yankin suke kira Bajrawiyya, kimanin kilomita 200 arewa da Khartum, akwai daloli kusan ɗari biyu na sarakuna da sarauniyoyi da manyan Kush. Bahaushen da ya ga hoton dalar gyaɗa ta Kano ba zai sha wahalar gane siffarsu ba, sai dai waɗannan na dutse ne kuma sun fi tsini. A nan ne a 1979 wani mai tsara gini Bajamushe, Friedrich Hinkel, wanda ya daɗe yana aikin gyara su, ya gano wani abu a bangon ɗakin ibadar da ke jikin dala ta takwas ta maƙabartar arewa. Wasu siraran layuka ne da aka karta a jikin dutse. Da ya bi su a hankali sai ya ga zanen rabin dala ne, an yi shi da ma'aunin ɗaya bisa goma, da layukan kwance masu nuna jerin duwatsu sahu-sahu. Rabi kawai maginin ya zana domin ɗaya rabin daidai yake da shi. An ƙiyasta zanen ya haura shekara dubu biyu.

Wato tun kafin a haifi kakan kakan Canova, wani magini a bakin Nilu ya tsaya gaban bango ya yi abin da Canova zai yi a takarda: ya auna, ya rage girma, ya nuna wa masu aiki inda kowane sahu zai tsaya. Hinkel ya kuma tarar da ragowar gungumen itace a tsakiyar wasu dalolin, ya fahimci cewa da jigo ake ɗaga duwatsun, irin jigon da masu lambu suke ɗebo ruwa da shi. Wannan ne ma ya sa kan dalolin Meroe yake a daddatse, domin jigo ba ya iya ɗora dutse a kan gungumen da yake tsaye a kansa.

Akwai wani zanen na Meroe mai ban takaici. A 1821 wani Bafaranshe, Frédéric Cailliaud, ya biyo rundunar Isma'il Pasha da ta zo cin Sudan daga Masar, ya ga dalolin, ya zana su, ya buga a littafi. Cikin waɗanda ya zana akwai ta sarauniya Amanishakheto, tana tsaye kusan cikakkiya. A 1834 wani likitan soja ɗan Italiya, Giuseppe Ferlini, ya zo neman zinariya, ya sa aka rushe ta tun daga sama. Ya sami zinariyar, kuma yau kayan adon sarauniyar suna gidajen tarihi na Munich da Berlin. Abin da ya rage mana na siffar dalar shi ne zanen Cailliaud. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: wani zanen ana yinsa ne kafin gini, wani kuma bayan gini, kuma na biyun shi yakan tsira in ginin ya tafi.

Daga dala zuwa ƙubba

Bayan Musulunci ya kafu a Sudan, musamman a zamanin daular Funj ta Sinnar, ƙubba ce ta zama alamar makwancin babban mutum, kuma yawanci ta shehunai ce da malamai, kamar ta Shehu Idris wad al-Arbab a Ailafun. A Kasala, maƙwabciyar Gadarif, akwai ta Sayyid Hasan al-Mirgani wanda ya rasu a 1869, a gindin duwatsun Taka, wadda aka lalata a zamanin Mahdiyya, har yau samanta a buɗe yake. A tsakiyar Khartum kuma akwai ƙubbobin gwamnonin Turkiyya, Ahmad Pasha Abu Widan da Musa Pasha Hamdi.

Kalmar nan ba baƙuwa ba ce gare mu. Hubbare da muke faɗa daga ƙubba ta samo asali, ta biyo ta bakin Fulani ta shigo Hausa. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, a cikin gidansa na Sakkwato aka rufe shi, wurin ya zama Hubbaren Shehu da ake ziyarta har yau. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya rasu a 1837, nasa hubbaren yana Wurno. Maginan Hausa na wancan zamani, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, a ƙasa suke fitar da tsarin gini, magini ya ja layi da ƙafarsa, sauran lissafin kuwa yana cikin kansa da hannunsa.

Ƙubbar da ta fi kowace shiga tarihin siyasar Sudan ita ce ta Muhammad Ahmad al-Mahdi. Ya rasu a Umdurman a watan Yuni na 1885, watanni biyar bayan ya ci Khartum, aka binne shi a ɗakin da ya cika. Magajinsa Halifa Abdullahi ya ƙudura gina masa ƙubbar da za a riƙa hangowa daga nesa, aka yi ta ƙetaro da duwatsu daga rusassun gidajen Khartum. A nan ma akwai labarin zane. Wani ɗan kasuwa Bajamushe, Charles Neufeld, wanda Ansar suka kama a 1887 ya zauna a kurkukun Umdurman har 1898, ya faɗa a littafinsa cewa shi ya tsara ƙubbar, yana tuno ƙubbobin sarakuna da ya gani a Alƙahira. Faɗarsa ce, kuma ɗaurarre mai neman a sassauta masa mari yana iya kambama rawar da ya taka. Ko ma dai yaya ne, iƙirarin nasa ya nuna cewa a Umdurman ta Halifa ma sai da aka zauna a kan tsari kafin a aza harsashi.

Ginin bai daɗe ba. A ranar 1 ga Satumba 1898 manyan bindigogin Kitchener suka huda ƙubbar, washegari aka yi yaƙin Karari inda Ansar fiye da dubu goma suka kwanta dama. Kitchener ya ba da umarni a rushe hubbaren, aka tono ƙasusuwan Mahdi aka zuba a Nilu. Abin ya tayar da ƙura har a Ingila, Winston Churchill, wanda yana cikin rundunar, ya soki wannan aiki a rubuce. Kitchener ya san abin da yake yi: ya san ƙubba takan tara mutane, mutane kuma in sun taru sukan tuna. Kusan shekara hamsin wurin yana kango, sai a 1947 ɗan Mahdi, Sayyid Abdurrahman, ya sake gina ta.

Mutanen da suka zo da ƙafa

Makonni uku bayan Karari, a ranar 22 ga Satumba 1898, wata runduna ƙarƙashin Kanar Parsons ta taso daga Kasala ta kama Gadarif, garin da a da ake kira Suƙ Abu Sin. A lokacin mutanen yamma ba baƙi ba ne a wannan yanki. Tun kafin Mahdiyya akwai Takarir a Galabat, kan iyakar Habasha, mutanen Darfur da Wadai da Barno da ƙasar Hausa waɗanda hanyar hajji ta ajiye su a can, suna noma suna kasuwanci ƙarƙashin shehunansu. Bature matafiyi Samuel Baker ya same su a 1862 ya kuma ba da labarinsu.

Babbar igiyar ta zo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Dama akwai tsohon zance a cikin jama'ar Shehu cewa wata rana za a yi hijira gabas zuwa bakin Nilu. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da dubban mutane, Turawa suka bi shi, ya yi shahada a Burmi a ƙarshen watan Yuli na 1903. Kabarinsa yana can kusa da Bajoga a jihar Gwambe ta yau, ba nisa da na Manjo Marsh, jagoran Turawan da ya mutu a wannan yaƙi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a har Sudan, inda suka kafa garin Maiwurno a bakin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar a wajajen 1906.

Bayansu wasu suka yi ta biyowa, yawanci da niyyar Makka. Mutum zai tsaya ya yi noma shekara ɗaya ya tara guzuri, shekara ta zama goma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. An gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buƙaci hannu. Layin dogo ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, sannan a tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman dawa da injuna a yankin, ga riɗi da ke bukatar masu yanka da hannu a kan lokaci. Hausawa suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki, suka kafa unguwanni da ƙauyuka, wasu suka bi bakin kogunan Rahad da Atbara suna lambu da su.

Waɗannan mutane sun mutu a nan, an kuma rufe su a nan, da karan dawar da suka noma aka auna su. Aka haƙa uwar kabari, aka haƙa ƙaramin ramin ciki, aka jera itace, aka toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka tara tudu, aka kafa dutse ko guntun ice a wajen kai. Ba talauci kaɗai ya sa haka ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure ya karanta, ta karhanta gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa, kuma a kan wannan tarbiyya yawancinmu muka tashi. Malamai sun daɗe suna tattauna hukuncin ƙubbobin salihai, kowane ɓangare da hujjojinsa, kuma ba wannan ne wurin raba gardamar ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne kabarin talaka tudun ƙasa ne.

Ƙasar Gadarif kuwa ba ta riƙe tudu. Baƙar laka ce mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani har ƙafa ta faɗa. Ita ce ta sa dawa take yi, ita ce kuma take tsaga bangon siminti, shi ya sa bukkar ciyawa ta daɗe tana mulki a garin. Damina kaɗan sun isa su baje kabari, gara ta cinye icen, ciyawa ta rufe dutsen. In tsofaffin da suka san wurin suka bi sahu, shi ke nan.

Abin da ya rage mana

Wani zai ce, to mene ne? Mutuwa rigar kowa, mamaci addu'a yake bukata, kuma Allah Ya san inda kowa yake kwance. Gaskiya ne. Amma rayayyu suna da wata bukatar. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta ɗauki ɗan ƙasa na asali a matsayin wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Duba wannan rana da kyau: ta riga Burmi da shekara biyar da 'yan watanni. Jikokin waɗanda suka biyo Mai Wurno, da waɗanda suka zo bayansu, sun sha tambayoyi a ofisoshi kafin su sami takarda, har ma da jikokin waɗanda suka riga 1897 amma ba su da abin nunawa. An sassauta dokar daga baya, sai dai tambayar ba ta mutu a bakin mutane ba. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nilu Shuɗi tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan ƙasa da sarautar gargajiya, mutum fiye da ɗari suka rasu cikin 'yan kwanaki, Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Khartum da wasu garuruwa. Ƙashin bayan rikicin tsohuwar tambayar nan ce: yaushe kuka zo, wa ya san ku a nan?

Maƙabarta tana cikin masu amsa irin wannan tambaya. Inda aka rufe kakanka da kakan kakanka shaida ne da ba ya bukatar hatimin kowa, matuƙar an san wurin kuma an san sunayen. Sarakunan Kush sun bar duwatsu, iyalan Mahdi sun sami ikon sake gina tasu ƙubbar, Canova ya bar takardu da filasta. Mu abin da muka bari yana cikin kawunan dattawa, kuma kullum ana rage su.

Ba ina kira a gina ƙubbobi ba ne, ko a zuba siminti a kan iyayenmu. Ina kira ne ga zane irin na Cailliaud, wanda ake yi bayan an rufe. Kowace unguwa da kowane ƙauye na Hausawa a jihar Gadarif yana da matasa masu ilimi da waya a hannu. Su ɗauki littafi su zauna da limami da masu haƙar kabari da tsofaffin mata, waɗanda sau da yawa sun fi maza riƙe nasaba. A zana taswirar maƙabarta, a nuna iyakokinta da tsohon ɓangare da sabo. A rubuta wa aka fara rufewa, daga wane gari ya taso, Kano ko Haɗeja ko Katagum ko Damagaram, a zamanin wane shehu ko wane omda ya iso, su wa ya bari. Abin da aka tabbatar a rubuta an tabbatar, abin da aka ji kawai a rubuta an ji, kada a ƙara gishiri, domin shaidar da aka cakuɗa da ƙarya ba ta tsayawa a gaban kowa.

Kuma kada a ajiye kwafi ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya nuna mana cewa babu ma'ajiyar da ta fi ƙarfin wuta da ɓarayi, tunda har gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum an wawashe. Gadarif ta karɓi dubban masu gudun hijira, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disamba na wannan shekarar, kuma wasunsu sun rasu an rufe su a nan, nesa da danginsu, su ma suna bukatar a rubuta inda suke. A bar kwafi a masallaci, a ba wa mai unguwa, a ɗauki hoto a tura wa 'yan'uwa a Kano da Jidda.

Karan dawa ya yi aikinsa shekara da shekaru, kuma zai ci gaba da yi. Abin da ake nema shi ne idan an dawo daga maƙabarta an zauna zaman makoki, wani ya buɗe littafin unguwa ya ƙara layi ɗaya: wane ɗan wane, ran kaza ga watan kaza, yana kwance kusa da wane.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka isa Makka da waɗanda hanya ta ajiye, Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya sa mu cika da imani.